Amsa ga mai tambaya game da cacar dayis ta kiraps

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka cewa wani abokin aikinka a nan Jidda ya nuna maka cacar kiraps a wayarsa, ya ce ta fi kowace caca sauƙin ci, kuma kana son a bayyana maka yadda ake yin ta. 'Yan'uwa sun riga sun gaya maka hukuncinta cewa haramun ce, kuma gaskiya suka faɗa, domin aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a cikin hani ɗaya. Ni zan ƙara maka da bayanin wasan kansa, saboda kafin in dawo Saudiyya na daɗe ina tuƙin tasi a Atlantik Siti ta Amurka, garin da aka buɗe gidan caca na farko a cikinsa a 1978, kuma yawancin fasinjojina 'yan caca ne. Na sha shiga ɗauko su in tarar ba su gama ba, in tsaya a bayansu ina kallo.

Ana wasan ne da dayis biyu irin na lido, a kan wani dogon tebur mai zurfi. Mai jifa yana wurga su da hannu ɗaya, kuma wajibi ne su daki bangon ƙarshen teburin, wanda aka lulluɓe da roba mai tsini-tsini domin kada gwanintar hannu ta yi tasiri. Wani ma'aikaci yana jawo su da sanda mai lanƙwasa, ya kira jimlar da ta fito da ƙarfi. Babban zubin da sababbin shiga ke fara koya shi ne na layin gefen teburin. A jifan farko, idan 7 ko 11 ta fito ka ci, idan 2 ko 3 ko 12 ta fito an cinye ka. Idan kuwa 4, 5, 6, 8, 9 ko 10 ce, to ita ta zama lambar nema, kuma za a yi ta jifa har sai ta sake fitowa ka ci, ko 7 ta riga ta fitowa kuɗinka su tafi.

A nan ne lissafin yake, kuma shi nake so ka tsaya ka fahimta. Dayis biyu suna da hanyoyin faɗuwa 36. Lamba 7 ita kaɗai tana da hanyoyi 6, lamba 6 da 8 kowace tana da 5, lamba 4 da 10 kowace tana da 3 kacal. Saboda haka da zarar an kafa lambar nema, 7 ta fi ta kusa ko da wace ce. Idan aka haɗa duka, mai zubi a layin gefe yana ci sau 244 cikin 495, wato ƙasa da rabi da ɗan kaɗan, kuma daga wannan ɗan kaɗan ne rabon gidan caca ke fitowa: kashi 1.41 cikin 100 na duk abin da aka zuba. Abokinka yana da ɗan gaskiya da ya ce rabon nan ƙarami ne, amma bai gaya maka cewa ana cire shi ne daga kowane zagaye ba, kuma da wuya ka ga wanda ya tsaya a layin gefe kawai. A tsakiyar teburin akwai zubin da ma'aikata ke ta tallatawa. Wanda ya ce 12 za ta fito ana biyansa ninki 30, alhali adalcin lissafi ninki 35 ne. Wanda ya ce 7 ce jifa mai zuwa ana biyansa ninki 4, gidan caca ya kwashe kusan kashi 17 cikin 100. Akwai zubi ɗaya da ba a cire komai a kansa, wanda ake ƙarawa a bayan lambar nema, sai dai ba a yarda ka yi shi ba sai ka riga ka zuba a layin da ake cirewa.

Ina tuna wani dattijon fasinja mai yawo da ƙaramin littafi, yana rubuta kowace lamba da ta fito, yana cewa tunda 8 ta daɗe ba ta zo ba lokacinta ya yi. Dayis ba su san abin da ya fito a baya ba, ko bayan jifa dubu damar 8 tana nan 5 cikin 36. Haka dabarar ninka zubi bayan kowace asara: wanda ya fara da riyal 10, idan aka cinye shi sau 10 a jere ya rasa riyal 10,230 yana neman ribar riyal 10, kuma kowane tebur yana da iyakar zubi da za ta tare shi tun kafin ya fanshe.

Ta intanet kuwa ta fi wannan cin kuɗi. Babu jiran ma'aikaci ya biya mutane ko ya jawo dayis, kwamfuta ce ke fitar da lamba cikin daƙiƙoƙi, saboda haka abin da tebur ke ci a dare guda waya tana iya cinye shi tsakanin Magariba da Isha'i. Kyautar da suke yi wa sabon shiga tana zuwa da sharaɗin sai ya juya kuɗin sau da yawa kafin ya cire.

Game da zamanka a ƙasar nan, babu gidan caca ko shafin caca mai lasisi a Saudiyya. Shafukan a toshe suke, shi ya sa abokinka ke bi ta VPN, wato manhajar tsallake toshewar shafuka, da kuɗin kirifto na intanet, kuma ranar da suka hana shi kuɗinsa ba shi da inda zai kai ƙara. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga mai shiryawa ko yaɗa tallar shafukan caca. Idan ya turo maka lambar gayyata ya ce ka raba wa wasu a WhatsApp domin a ba ka kamasho, to ka sani wannan rabawar tana iya faɗawa cikin dokar, kuma ga baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, tarhil, wato kora daga ƙasar, na iya biyo bayan hukuncin.