Kifayen ƙasan tanki suna ramewa, ruwa yana gurɓata: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, ina da tankin kifin ado mai cin lita 80. Akwai gofi, tetira, koridoras da golfish biyu a ciki. Ina ba su abinci sau uku a rana, amma koridoras ɗin sai ramewa suke, ruwan ya yi dishi-dishi, kuma na fara ganin fararen ɗigo a jikin tetira.

Amsa: Ramewar da gurɓatar ruwan sun taso ne daga yadda ake ciyarwa da kuma zaman golfish a tankin, fararen ɗigon kuma cuta ce.

Dubi bakin kowane kifi, zai gaya maka inda yake cin abinci. Bakin gofi yana kallon sama, a saman ruwa yake kiwo. Tetira a tsakiya yake kama abin da ke nitsewa. Koridoras bakinsa yana ƙasa, da 'yan gashin baki da yake laluben yashi. Idan ɓarɓashin nan mai yawo a sama kaɗai kake zubawa, kafin ya sauka na sama sun cinye, musamman golfish da ba ya ƙoshi. Mutane da yawa suna ɗauka koridoras kashin sauran kifaye yake ci. Ba haka ba ne, shi ma abincinsa yake so. Ka nemi ƙwayoyin abinci masu nitsewa, ka jefa musu bayan ka kashe fitilar tankin, lokacin da na sama suka lafa.

Sau uku ya yi yawa. Sau ɗaya ko biyu ya isa, kuma gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3. Ragowar da ta kwanta tana ruɓewa ta zama amoniya, wadda ke ƙona wurin numfashin kifi. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a soson filta, wato matatar ruwan tankin, su ne ke mayar da ita naitirait, sannan naitiret mai sauƙin illa. Shi ya sa ba a wanke soson da ruwan famfo, sinadarin kulorin da ke cikinsa na kashe su; a ɗauraye shi cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin. Kowane mako ka canza kashi 25 cikin 100 na ruwan, ka sa maganin cire kulorin a sabon.

Golfish kuwa, gaskiya ba wurinsa ba ne. Ya fi son ruwa mai sanyi, wajen digiri 18 zuwa 22, sauran kuma 24 zuwa 26 suke so. Ga yawan kashi, ga shi in ya girma yana haɗiye duk ɗan kifin da ya shiga bakinsa. Ka raba musu tanki.

Fararen ɗigon, masu kama da barbaɗin gishiri, cutar ik ce. Ƙwayar cutar tana faɗowa daga jikin kifi ta hayayyafa a ƙasa, kuma magani ba ya kama ta sai tana yawo a ruwa. Don haka tankin gaba ɗaya za ka yi wa magani, ka ci gaba kwanaki bayan ɗigon sun ɓace. Cire gawayin da ke cikin filta tukuna, don yana tsotse maganin. Koridoras da tetira ba sa jure magani mai ƙarfi ko gishiri da yawa, sai ka karanta takardar kwalbar da kyau. Nan gaba, duk sabon kifi ya yi mako 2 zuwa 4 a tanki daban kafin ka haɗa shi da sauran.