Yadda ake shigar da alama cikin Breeze ba tare da an dawo maka da ita ba

Tambaya: Maigida, barka da aiki. Na sake zana alamomi 12 (ƙananan hotunan nan da ake dannawa a allo) na wata manhajar KDE a Inkscape, manhajar zane, na fitar da su a babban hoton PNG, na tura wa masu aikin. Wani ya ce ba su dace da Breeze ba, wani ya ce in kawo ainihin fayil ɗin, sauran suka yi gum. Ni a ganina nawa sun fi na da kyau. Tunda aikin sa kai ne, ba mai biyan wani kuma ba oga, wa ke yanke hukunci, kuma me zan gyara?

Ɗana, ban musa ba, mai yiwuwa naka sun fi kyau. Sai dai ba gasar kyau ake yi a wurin ba. Breeze, wadda ta fito a 2014 tare da Plasma 5, teburin kwamfuta na KDE (ƙungiyar 'yan sa kai masu haɗa manhajoji), tarin dubban alamomi ce da mutane da yawa suka zana, kuma abin da ake so shi ne mai kallo ya ɗauka hannu ɗaya ne ya yi su duka. Kamar ankon biki ne: ko shaddarka ta fi ta kowa tsada, in ba ita aka fitar ba, kai za ka ɓata hoton.

Fara da rage kayan. Wanda zai duba aikinka sai ya taso daga nasa aikin na neman abinci sannan ya zauna da dare. Ka ɗora masa 12 a lokaci guda, ya yarda da 9, ya ƙi 3, to duka sun maƙale. Ɗauki guda ɗaya. Ya fi kyau ma ta kasance wadda wani ya riga ya yi ƙorafi a kanta a bugs.kde.org, ko dai babu ita sam, ko tana rikita mutane da wata. Alamar da ta magance ƙorafi tana da mai jiranta tun kafin ka zana.

Sai girma, kuma a nan ne yawancin sababbin hannu ke faɗuwa. Alamomin umarni na Breeze, irin su ajiye, kwafa da goge, masu launi ɗaya ne, ana zana su a fiksel (ɗigon allo) 16, 22 da 32, kowane girma da fayil ɗinsa. Ba a zana babba a matse shi. Layin da ya yi kyau a fiksel 512, in aka matse shi zuwa 16, hayaƙi yake komawa. Na 24 kuwa kada ka wahalar da kanka, akwai ɗan shirin da ke samar da shi daga na 22 ta hanyar ƙara fiksel 1 a kowane gefe.

A Inkscape, buɗe saitin takarda, ka mai da ma'aunin zuwa fiksel, faɗi da tsawo 16, sikeli 1. Kunna raga mai tazarar fiksel 1, ka sa zane ya riƙa manne mata. Bar fili sama da ƙasa: fiksel 2 a na 16, fiksel 3 a na 22. Wato a na 16, tsawon fiksel 12 ne filin aikinka. Kaurin layi fiksel 1 ne.

Ga abin da ke faruwa da layin nan. Inkscape na raba kaurin layi biyu a kan hanyarsa, rabi hagu rabi dama. In ka aza layi mai kaurin 1 daidai a kan lamba 4, zai mamaye daga 3.5 zuwa 4.5. Allo ba shi da rabin fiksel, sai ya shafa toka-toka a fiksel biyu, layin ya fito da kauri kuma dishi-dishi. Magani biyu ne: ko ka aza shi a 4.5 domin ya cika daga 4 zuwa 5, ko ka mai da layin siffa da Ctrl+Alt+C, sannan ka tabbata bakin kowane gefe ya sauka a kan cikakkiyar lamba. Ni na fi son na biyu, domin wanda zai gyara bayanka yana ganin lambobin a sarari. Layin karkace kuma ka riƙe shi a digiri 45 in da hali, ya fi fita tsaf. Kada ka yarda da idonka alhali ka zuƙo hoton ya cika allo. Buɗe tagar gwajin alama ta Inkscape, ka kalle ta a ainihin ƙanƙantarta.

Launi ma ba naka ba ne. Mai amfani da kwamfuta na iya zaɓar fuska mai haske ko mai duhu, kuma Plasma na sauya launin alamar ya bi zaɓinsa. Hakan na yiwuwa ne kawai in fayil ɗin SVG, wato ainihin fayil ɗin zanen da Inkscape ke ajiyewa, na ɗauke da sashen salo mai suna current-color-scheme, kuma kowace siffa an sa mata ajin ColorScheme-Text da fill="currentColor". Launin asali na rubutu #232629 ne. In alamar na nufin haɗari, kamar gogewa, akwai ColorScheme-NegativeText, ja, #da4453. Na nasara ColorScheme-PositiveText, kore, #27ae60. Ka zuba baƙi da hannunka, alamar za ta ɓace ɓat a fuska mai duhu. Kuma Inkscape na da halin rubuta launi kai tsaye a jikin siffa duk sanda ka taɓa ta, ya danne wancan tsarin. Don haka bayan ajiyewa ta ƙarshe, buɗe fayil ɗin a Kate, manhajar gyara rubutu ta KDE, ka karanta shi da idonka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kwafi wata alama da ke cikin tarin, ka goge zanenta, ka yi naka a cikinta.

Kana cikin fayil ɗin, share tarkace. Kada a samu hoton PNG a cushe a ciki. Kada a bar rubutu a matsayin rubutu, domin kwamfutar da ba ta da irin haruffanka za ta sauya su da wasu. Mai da shi siffa da Shift+Ctrl+C. Guji dusashewa da yanke-yanken zamani, domin Qt, tushen da aka gina manhajojin KDE a kai, shi ne zai nuna alamar, kuma ba duk abin da Inkscape ke nunawa yake iyawa ba. A ƙarshe bi ta da Scour, ɗan shirin tsabtace SVG, ya kwashe bayanan da Inkscape ke barin wa kansa, sannan ka sake dubawa ko bai taɓa sashen salon ba. Wannan fayil ɗin ne mutumin ya ce ka kawo. PNG ba ya gyaruwa. Ranar da ka daina zuwa, in ba SVG, aikinka ya mutu.

Suna kuma ba ka ƙirƙira. Manhaja ba ta neman hoto, suna take kira, bisa ƙa'idar sunayen alamomi ta freedesktop.org wadda ta taso tare da aikin tarin alamomi na Tango wajen 2005: document-save, edit-copy, go-next. Karan tsakiya (-) da ke cikin sunan na da aiki. In an nemi input-mouse-usb ba a samu ba, sai a koma input-mouse. In sunaye biyu na bukatar zane ɗaya, a yi mahaɗi daga ɗaya zuwa ɗayan, ba a kwafa, don kada gobe a gyara guda a manta da guda. Kibiya kuma ka tuna da masu fuskar Larabci da Farisanci, waɗanda gabansu hagu ne. Irin waɗannan na da 'yan uwa masu ƙarewa da -rtl. Haka ma abin da ka zaɓa ya wakilci ma'ana. Akwatin wasiƙa mai 'yar tuta na ƙofar gidajen Amurka ba kowa ya taɓa ganinsa ba, ambulan kuwa kowa ya san shi.

Yanzu batun mutane, wanda ya fi na fiksel wuya. Ma'ajiyar tana invent.kde.org, a ƙarƙashin frameworks/breeze-icons. Ka yi reshenka, wato kwafinka na ma'ajiyar, ka saka fayil, ka buɗe buƙatar a haɗa shi da nasu. A bayanin, rubuta matsalar a layi biyu da lambar ƙorafin. Sannan hotuna: tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, a ainihin girmansu, a cikin ainihin manhajar tare da maƙwabtansu, ɗaya a haske ɗaya a duhu. Wanda ya ga haka cikin minti 1 zai iya cewa e ko a'a. Babban hoto a kan farin fili ba ya gaya masa komai.

Kada ka tambayi jama'a “ya kuka gani?”. Launi da siffa kowa na da ra'ayi a kansu, har wanda bai taɓa riƙe linzami don zane ba, sai a kwashe mako ana ja-in-ja. Yi tambaya mai baki ɗaya: a fiksel 16, ana gane wannan makulli ne ko ana ɗauka cokali ne? In za ka ba da zaɓi, kada ya wuce biyu. Martanin da zai zo, ka raba shi gida biyu. Wanda ya ce layin ya fita daga raga, ko ta yi kama da wata alama, ko ta saɓa wa jagorar zane ta KDE, aibi ya nuna, gyara ba gardama. Wanda ya ce shi dai bai so, ka tambaye shi cikin ladabi wane sashe na jagorar ya dogara da shi. Sau da yawa a nan maganar ke tsayawa.

Ka ce ba oga. Akwai, sai dai ba albashi ya naɗa shi ba. Masu kula da ma'ajiyar da 'yan ƙungiyar zane ta KDE, wadda ake kira VDG, su ke amincewa, kuma in alamar ta wata manhaja ce takamaimai, mai kula da ita na da ta cewa. Nauyin maganar mutum na zuwa ne daga yawan aikin da aka ga ya yi daidai. Shi ya sa sake fasalin manhaja gaba ɗaya daga baƙon hannu ba ya wucewa, ko da ya yi kyau: ba wanda ya san ko za ka tsaya ka gyara abin da zai ɓalle. Irin wannan babban aiki a zauren hirarsu na Matrix ake fara kawo shi, tun yana zanen fensir.

Lasisi ma ka kiyaye. Breeze na ƙarƙashin LGPL 3, kuma abin da ka tura ka yarda kowa ya kwafa ya sauya. Kada ka bi sawun alamar da ka sauko da ita daga wani shafi, ko an rubuta kyauta ce, sai ka karanta sharuɗɗanta. Da yawa sun hana sake rabawa.

Shirun da suka yi maka kuwa yawanci rashin lokaci ne. Bayan mako 1 ko 2, rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin buƙatar, ka tuna musu. In an haɗa, ba za ka daɗe kana jiran fitowarta ba, domin KDE Frameworks, wanda alamomin Breeze ke cikinsa, duk wata ake fitar da sabo. Cikin 12 ɗin nan naka, zaɓi wadda tsohuwarta ta fi rikita mutane, ka sake zana ta daga farko a 16 da 22, ka turo min SVG ɗin in karanta kafin ka tura musu.