Amsa ga mai tambaya kan GMAT: wata uku zai isa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana aikin banki, saura maka wata uku ka zauna GMAT, jarrabawar neman shiga digiri na biyu a fannin kasuwanci, kana so ka san ko lokacin zai isa, kuma ko sai ka biya kuɗin lesin. Sau biyu na zauna jarrabawar nan, ga abin da na gani.

Kafin ka kashe ko sisi, shiga mba.com, shafin masu shirya jarrabawar, ka yi ɗaya daga cikin gwaji biyun da suke bayarwa kyauta, a zama ɗaya, waya a kashe. Makin da ka ci shi zai nuna maka ko wata ukun ya isa, ba ni ba.

Ka kuma lura, tun Fabrairun 2024 aka ajiye tsohon tsarin. Yanzu kashi uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, Turanci 23, sai Data Insights 20, inda za a jibga maka jadawali da zane a ce ka fitar da hukunci. Maki daga 205 zuwa 805 ne. Babu insha'i, babu gyaran jimla. In wani ya ba ka tsohon littafi, kada ka ɓata dare kan abin da aka cire.

Lissafin bai wuce na sakandare ba, agogo ne ke kayar da mutum. Zaman farko, da taƙamar na karanta akanta, na kafe kan tambaya ɗaya har minti shida, babu kalkuleta a wannan kashin, gumi na ɗiga kan allon da ake ba mu na rubutu. Lokaci ya ƙare da sauran tambaya huɗu, kuma barin tambaya ba amsa yana zaftare maki sosai. Alhali da na cinki amsar waccan tambayar na sa mata alama na wuce, tunda ana iya dawowa a canza amsa uku a kowane kashi.

Daga nan na sayi littafin rubutu. Duk tambayar da na faɗi, sai in rubuta dalili: ban sani ba ne, gaggawa ce, ko ban karanta da kyau ba. Wallahi mafi yawa rashin karantawa da kyau ne. Awa ɗaya da rabi bayan Asuba nake yi, don da yamma kai ya riga ya ɗau zafi.

Lesin? Sai in gwajin ya nuna lissafinka ya yi tsatsa. Ka dai duba fasfonka bai ƙare ba saboda shaida ranar jarrabawar, kuma ka bar fili a kalanda, don sai bayan kwana 16 ake iya sake zama. Allah ya ba da sa'a.