Me ya sa dashena ke mutuwa da bazara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a birnin Kano, gonata tana Ɗambatta. Shekara biyu ke nan ina sayen dashen ƙirya da ɗorawa a bakin titi, masu sayarwar sun ce irin Kudancin Kaduna ne. Suna kamawa da damina, amma bazara na yi sai su bushe. Kuɗina sun tafi, raina ya ɓaci. Ƙasar ce ta gaji?

Amsa: Wa alaikumus salam. Idan ka tabbata ba gara ba ce kuma ba awaki ba ne, to ka daina zargin ƙasarka, ka tuhumi asalin irin.

Kullum ina fama da masu cewa ƙirya ai ƙirya ce, ko daga ina aka tsinto 'ya'yanta. Wannan magana ta kashe dashen da ba ya ƙirguwa. Bishiyar da kakanninta suka saba da damina mai tsawo ta gaji halin fitar da ganye da wuri daga gare su, alhali wadda ta fito daga inda ruwa ke ƙaranci takan fara tura saiwa ƙasa tana neman laima, shi ya sa a cikin leda za ka gan ta 'yar tsigila ba ta da kyan gani. Mai saye kuwa idonsa na kan dogon dashe mai sheƙi, mai sayarwa ma ya san haka, yana ta yayyafa masa ruwa safe da yamma. Ka tambaye shi garin da uwar bishiyar take, sai ya ce maka iri ne mai kyau, ya miƙo hannu. Ba su kaɗai ba, har wasu jami'an da ke raba dashe a ranar bikin shuka, waɗanda ke ƙirga adadin da aka dasa gaban kyamara, ba wanda ya koma a watan Afrilu ya ƙirga masu rai.

An gwada wannan a Nijar da irin ƙirya daga yankuna daban-daban, aka ga wanda ya fito daga wuraren da suka fi bushewa ya fi rayuwa, ya fi girma. Gawon da aka kawo daga gabashi da kudancin Afirka ma ya yi saurin tashi da farko, daga baya ya mutu a Sahel.

Bishiya takan shekara hamsin ko fiye, kuma wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san abin da za ta iya tararwa, ga zafi yana ƙaruwa. Saboda haka ka samo mafi yawan irinka daga bishiyoyin da suka tsallake waɗannan shekaru a Ɗambatta da Makoda, ka haɗa da kaɗan daga arewa da kai, kamar Kazaure da Daura. Kada ka kwashe daga uwa ɗaya don tana kusa da hanya. Ka bi kamar talatin masu lafiya, da tazarar mita 100 tsakaninsu, ka rubuta garin a jikin buhu.

Ɗorawa kuwa, ni da kaina ba zan cika gonar Ɗambatta da ita ba, sai a gefen fadama. A tudu ka sa gawo da aduwa da magarya, kuma kututturen da ke toho a gonarka ka sassabe shi ka bar reshe biyu ko uku, kamar yadda manoman Maraɗi suke yi, domin saiwarsa ta riga ta kai ga laima.