Kafin ku ajiye littafi ku koma kwamfuta, ku fara gyara lissafin kayanku

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka ce kuna sayar da kayan masarufi a sari, shago ɗaya da sito biyu da yara takwas, littafi ya fara gagarar ku, kuma kana neman sanin manhajar da za ku saya. Zan zo kan manhajar, amma ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke kayar da yawancin shaguna shi ne bayanan da suka zuba mata ranar farko.

Ku fara da jerin kaya, a Excel ma ya isa. Kowane kaya suna ɗaya tak, da girmansa, da kuɗin da aka saro shi, da kuɗin sayarwa. Idan yaro ɗaya ya rubuta "madara ƙarama", wani ya rubuta sunan kamfanin, wani ya rubuta nauyin, kwamfuta za ta ɗauke su kaya uku ne daban, kowanne da ragowarsa ta ƙarya. Mutum ɗaya kawai za a ba ikon ƙirƙirar sabon suna.

Ma'auni kuma ya fi suna haɗari, a nan nake so ka tsaya sosai. A ce kwalin taliya yana ɗauke da leda 20. An sauke kwali 50, mai shigarwa ya buga 50. Da rana aka sayar da leda 30 ɗai-ɗai, mai karɓar kuɗi ya buga 30. Da yamma allo zai nuna saura 20, alhali a sito akwai kwali 48 da rabi. Babu wanda ya yi sata, amma daga ranar za a fara zargin mai sito, shi kuma ya tsani kwamfutar har abada. Don haka a saita kowane kaya a kan mafi ƙanƙantar abin da kuke sayarwa, sannan a gaya wa manhajar cewa kwali leda 20 ne, dozin guda 12 ne. Manhajar da ba ta iya wannan juyin ba ta ɗan sari ba ce, komai kyawunta.

Bayan haka sai ƙirgar buɗewa. Ku rufe shago yini guda, mutum biyu su ƙirga kowane sito, ɗayansu ba mai riƙe da makullin ba. Wanda ya lalace ko wa'adinsa ya ƙare a ware shi, kada ya shiga lissafi. Bashi ma haka: kowane mai karɓar kaya a kira shi a tabbatar da abin da ake bin sa kafin a shigar, haka kuma abin da dilolin kamfani ke bin ku. Adadin da aka kwafo daga tsohon littafi ba tare da tantancewa ba, rigima ce aka ajiye wa gaba.

Yanzu manhajar. Akwai QuickBooks da Sage da Zoho Books da Tally, akwai Odoo da ERPNext waɗanda suke da nau'in kyauta amma sai an biya wanda zai saita su, akwai kuma na 'yan gida. Kada ka yarda da nunin da mai tallar ya shirya da kayansa. Ba shi kayanka guda 30, ka sa shi ya yi a gabanka: sayar da rabin kwali, ɗauke kaya daga sito zuwa shago, mayar da kayan da aka dawo da su, karɓar rabin kuɗi a hannu rabi ta taransifa, da fitar da harajin VAT na kashi 7.5 ga kayan da ya shafa. Sai ka cire intanet ka ga ko za ta ci gaba da buga rasit. Ka tambayi ko kuɗin shekara da dala ake biya, domin canji zai riƙa motsa shi. Ka kuma ce ya fitar maka da dukkan bayanan zuwa Excel. Idan ba ya yiwuwa, ranar da kuka ɓata da shi dukiyarka ce a hannunsa.

Kada ku matsa a sake wa manhaja gini don ta bi duk al'adar shagonku. Lidl, kamfanin manyan kantuna na Jamus, ya watsar da aikin saka manhajar SAP a 2018 bayan shekara bakwai da kusan yuro miliyan 500, kuma cikin dalilan da aka bayyana akwai nacewa a lanƙwasa tsarin ya bi yadda kamfanin ya saba kimanta kayansa. Lokacin farawa ma a duba shi. Hershey, kamfanin cakulan na Amurka, ya kunna sabon tsarinsa a 1999 dab da kakar cinikinsa mafi girma, ya kasa isar da kayan kusan dala miliyan 100 duk da suna jibge a sito. A wajenmu ma'anar ita ce kada ku fara ana saura mako biyu azumi ko sallah. Ku zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa, ku tafi da littafi da kwamfuta tare na mako uku zuwa huɗu, kullum da yamma a gwada su. Ranar da aka yanke za a daina littafi, a ɗauke shi daga shagon gaba ɗaya.

Kayan aiki ba su da yawa: kwamfuta mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB da SSD (faifan ajiya mai sauri), firintar rasit mai faɗin milimita 80, da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) ko inbata, domin ɗaukewar wuta ana cikin rubutu tana iya lalata rumbun bayanan. Takardar irin wannan firinta rubutunta yana gogewa da zafi, kada ku dogara da ita a matsayin shaidar bashi.

Kowane yaro da lambar sirrinsa. Mai karɓar kuɗi kada ya iya canza farashi ko goge rasit. Idan an yi kuskure a soke shi da izinin manaja, alamar ta zauna. A kashe damar sayar da kayan da allo ya nuna babu. Babbar lambar sirri tana hannunka, ba hannun wanda ya saka manhajar ba. Kuɗin taransifa da na POS a duba su da abin da ya shiga asusun banki kowace rana, ba da hoton alat da mai saye ya nuna ba.

Kwafin ajiya kullum, ɗaya a faifan da ke kwana a gida, ɗaya a intanet, kuma sau ɗaya a wata a gwada buɗe shi a wata kwamfutar don a tabbatar yana aiki. Sannan duk mako ka zaɓi kaya 20 ba tare da sanarwa ba, a ƙirga a gwada da allo, ka fara da masu saurin fita irin su sukari da man girki.