Jinkirin takardun maiɗakinka a Amurka

Malam, ka ce kana da katin zaman dindindin a Amurka, ka cike wa maiɗakinka takardar I-130 ta neman kawo iyali, har yau shiru, tana gida da yara. Wallahi na tausaya muku.

Matar mai katin zama tana rukunin biza da ake kira F2A, kuma bizar rukunin ƙayyadaddiya ce duk shekara. Ko hukumar shige da fice ta Amurka (USCIS) ta amince, sai ranar da ka shigar da takardar ta iso a jadawalin biza na wata-wata. Ka riƙa duba shi.

In ka cika shekara 5 da katin, nemi zama ɗan ƙasa. Da ka samu, sanar da hukumar da takardar ke hannunta, za ta fita daga layin. Amma kada kewar iyali ta zaunar da kai gida, wajen Amurka, fiye da shekara, katin zai iya salwanta.