Yarinyar da nake reno ta faɗi wata magana, uwarta ta ce a kai ta wajen ungozoma

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan reno a cikin gidana a Kano, yara takwas ne a hannuna daga safe zuwa la'asar. Jiya wata 'yar shekara huɗu ta yi ta kuka da zan yi mata tsarki, na ga jini-jini a wandonta, sai ta ce min, "Kawu ne yake min wasa a nan." Na gaya wa mahaifiyarta, ta ce kada in kuskura kowa ya ji, za ta kai ta ungozoma ta duba, in babu komai shi ke nan. Wallahi ban runtsa ba. Ina tsoron a ce a gidana abin ya faru, ina kuma tsoron yi wa mutum ƙazafi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yau ɗin nan ya kamata likita ya ga yarinyar, ba gobe ba. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 da faruwar abin yake aiki, ana sha kwana 28, kuma ba a san ranar da aka taɓa ta ba. Akwai allurar ciwon hanta da gwajin cututtukan sanyi. A Kano ki nufi cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala, aikinsu ke nan, kuma kyauta ne. Masu karatu daga Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Sakkwato akwai ta Nana Khadija. Ba sai da takardar 'yan sanda ake duba yaro ba. Duk wanda ya tsayar da ku a bakin ƙofa ya ce sai an kawo takarda, ku nemi ganin babban likita.

Kafin ku fita, kada a yi mata wanka, kada a wanke wandon. In yana da danshi a bar shi ya sha iska a inuwa, a naɗe a takarda mai tsabta ko ambulan. Leda tana tara gumi, shaidar ta ruɓe. Ki ɗauki littafinki ki rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, abin da idonki ya gani, da maganar yarinyar kamar yadda ta fito daga bakinta, ba gyara. "Wasa" ta ce, to "wasa" za ki rubuta, ba "fyaɗe" ba. Ki rubuta amsar uwar ita ma. Kada ki ɗauki hoton gabanta da waya, balle ki tura wa wata a WhatsApp don neman shawara. Wannan laifi ne shi kansa.

Kada kuma ki zaunar da ita kina titsiye ta. "Wane kawun? Da me ya taɓa ki? Sau nawa?" Yaro ɗan shekara huɗu in aka matsa masa zai faɗi abin da ya ga ana son ji, gobe lauyan wanda ake zargi ya ce ke kika kitsa mata. In ta sake tayar da maganar da kanta ki saurara, ki ce ta kyauta da ta faɗa, ba laifinta ba ne. Kada ki yi mata alkawarin ba za ki gaya wa kowa ba.

Sai maganar ungozoma, wadda ita ce ta fi ci min rai a wasiƙarki.

Mutane sun ɗauka wai mace mai shekaru za ta buɗe yarinya ta leƙa, ta ce an taɓa ko ba a taɓa ba. Babu wannan ilimin. Likitan yara da ya ƙware, da fitila da kayan aiki, shi ma a mafi yawan yaran da aka tabbatar an ci zarafinsu ba ya ganin wani rauni. Yawancin abin da ake yi wa ƙanana shafa ne da yatsa da goga, ba ya barin tabo. Inda aka ji ciwo ma, fatar wurin tana warkewa cikin 'yan kwanaki. Tantanin budurcin da ake ta magana a kai kowace yarinya da siffar nata tun haihuwa, wani mai faɗin baki, wani matsattse. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa gwajin budurci ba shi da tushe a kimiyya. To da me ungozoma za ta gane abin da likita bai iya yanke hukunci a kai da ido?

Ga abin da ke biyo baya kullum. Za a danne yarinya, mata biyu su riƙe ƙafafu, a sa yatsa a inda take kukan an taɓa. An maimaita mata abin ke nan, wannan karon a gaban uwarta. Sai a ce a gasa ta, a zaunar da ita a ruwan zafi da bagaruwa ko gishiri ko Dettol. Shaida ta wanke, wani lokacin fata ta saɓule, likita ya kasa bambance ƙuna da raunin asali. A biya ta kemis a sayo kafso, gwajin ƙwayoyin cuta ya lalace. Kwana uku sun wuce, damar maganin kariya ta tafi. Sannan a fito da kalmar da kowa yake jira: "babu komai." Hankalin manya ya kwanta, yarinya ta koma ɗakin da kawu yake shiga, ta kuma koyi cewa faɗa ba ya da amfani. Ba za ta sake faɗa ba.

Ta ɗaya gefen ma ɓarna ce. Kuka wajen fitsari da jan gaba suna iya zuwa daga ciwon mafitsara, tsutsar ciki, sabulu mai ƙarfi ko ƙarancin tsarki. Ungozoma ta kalla ta ce "an lalata ta," kafin magariba unguwa ta ɗauka, matasa sun far wa wani, sunan yarinya ya ɓaci har girmanta. Ungozoma tana da aikinta, ba wannan ba ne.

Tsoron ƙazafi kuwa, ba ke za ki ce wane ya aikata ba. Za ki ce ga abin da na gani, ga abin da yarinya ta ce. Tabbatarwa aikin likita ne da 'yan sanda da kotu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar kare yara ta Jihar Kano ta 2023 duk maslahar yaro suka sa a gaba, kuma yaron da aka damƙa miki amana ne a wuyanki. Ki koma wajen uwar cikin lalama, tsoro ne yake cinta, wataƙila ƙaninta ne ko ƙanin miji. Ki ce za ki raka ta. In ta ƙi, ki kai rahoto da kanki ga jami'an walwala na Ma'aikatar Mata, ko sashen mata da yara na 'yan sanda, ko NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane. Lauyoyin FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, suna taimakawa. Kada ki tunkari wanda ake zargi, kada ki yarda a mayar da maganar zaman sulhu a zauren mai unguwa. Biyan kuɗin magani ba ya goge laifi, mutumin kuma yana nan cikin yara.

Abu ɗaya mai ɗaci: yaranmu kowane namiji babba kawu suke ce masa. Ki duba gidanki. Maigida, samarin gida, almajirin da ke ɗebo ruwa, mai adaidaitan da ke kawo yara, waye yake kaɗaita da su? In akwai wanda take kira kawu a nan, ki faɗa wa jami'ai da bakinki, ki nesanta shi da yaran yau. Ɓoyewa ita ce za ta rufe gidan renonki, ba rahoto ba.

Daga yanzu ki ajiye rajista: wa ya kawo, wa ya ɗauka, ƙarfe nawa, da sa hannu. Wanda ba ya cikin sunayen da iyaye suka bayar ba ya ɗaukar yaro, ko da ya ce babansa ne ya aiko shi, sai kin kira. Ki duba kowane yaro da safe a gaban wanda ya kawo shi, duk ƙurji ko tabo ki rubuta. Tabon duka a kunne, wuya ko ciki ga ɗan ƙasa da shekara huɗu, ko kowane irin tabo ga jaririn da bai fara rarrafe ba, asibiti ake kai shi. Tsarki da canza famfas ke ko mataimakiyarki kaɗai, ƙofa a buɗe.